Inbata: Tafintar da ke Maƙale a Bangon Gidanmu

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwannin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a 'yan shekarun nan, ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje, zai ga abin da idonsa bai saba gani ba a da, wato baƙaƙen faranta masu sheƙi da suka yi sahu a kan kwano suna fuskantar rana. Masallatai sun sa, masu shagon cajin waya sun sa, ƙananan asibitocin karkara sun sa, har ma da gidajen masu matsakaicin ƙarfi. Dalilin haka kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, tayar da janareto kullum ya zama sai mai hali. A watan Agustan wannan shekarar Nijeriya ta yanke wutar da take bai wa Jamhuriyar Nijar, birane irin su Yamai suka shiga ƙaranci. Sa'an nan a watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama suka yi kwana da kwanaki cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Jama'a suka waiwaya suka ga ashe akwai ranar da Allah Ya hore mana, wadda ba ta da mita, ba ta kuma aiko da takardar biyan kuɗi.

Sai dai kuma idon kowa yana kan farantan da ke rufi ne. Akwai wani akwati da ake maƙalawa a bango can cikin lungun ɗaki, kusa da batir, wanda ake kira inbata, kuma shi ne mutane suka fi jahilta, shi ne kuma ya fi jawo musu asara.

Wani maƙwabcina ya haɗa sola da batir guda. Kullum dare wutarsa takan ɗauke kafin ƙarfe goma sha biyu. Da ya koka wa wani mai shago, sai aka ce masa ai inbatarsa ce ƙarama. Ya lallaɓa ya tara kuɗi ya sayo wadda ta fi ta girma, aka ɗaura ta a kan batirin nan dai. Daren farko wuta ta ɗauke tun kafin lokacin da ta saba. Abin da ya fi damuna shi ne, mutumin nan yana da ɗa a ajin ƙarshe na sakandare, ɗalibin kimiyya mai ƙwazo, wanda ya haddace dokar Ohm kamar sunansa, amma da na tambaye shi dalilin abin da ya faru a gidansu, sai ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da za a shigo da inbata cikin ajin kimiyya, a koyar da ita kamar yadda ake koyar da madubi da maganaɗisu, domin a cikin wannan akwati aka tattara kusan duk abin da ɗalibi ke karantawa game da lantarki, kuma rashin sanin aikinta yana cin kuɗin iyayensa, wani lokaci ma har ya ci rai.

Harsuna biyu na wutar lantarki

Kafin mu buɗe akwatin, ya kamata mu san cewa wutar lantarki iri biyu ce. Akwai wadda take kwarara ta fuska guda kamar ruwan kogi, ba ta waiwaye. Wannan za mu kira ta miƙaƙƙiyar wuta, ita ce ake yi wa alama da haruffan DC a jikin na'urori. Ita ce batir ke bayarwa, ita ce kuma farantin sola ke samarwa. Akwai kuma wadda take kai da komo a cikin waya, ta yi gaba ta yi baya, kamar zarton kafinta wanda duk da ba ya zuwa ko'ina amma yana yanka katako. Wannan za mu kira ta wuta mai kai-da-komo, alamarta AC. Ita ce jama'a ke kira wutar Nepa har gobe, ko da yake hukumar da ke da wannan suna ta daɗe da zama tarihi. A Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne a ƙa'ida, kuma takan yi zagaye 50 na kai da komo a cikin daƙiƙa guda. A Amurka bolt 120 ne da zagaye 60.

Me ya sa duniya ta ɗauki mai kai-da-komo? A shekarar 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar wuta a birnin New York wadda ke ba da miƙaƙƙiyar wuta. Matsalarta ita ce ba ta iya yin nisa, domin da ta wuce kilomita ɗaya ko biyu sai ƙarfinta ya zube a cikin waya. George Westinghouse da Nikola Tesla suka bi ɗaya hanyar, suka dogara ga abin da Michael Faraday ya gano a 1831, cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa a kusa da naɗin waya, to zai haifar da wuta a cikin wannan naɗin. A kan wannan ƙa'ida aka gina taransifoma, kuma taransifoma ba ta aiki sai da wutar da ke sauyawa. Da ita ake ɗaga ƙarfin wuta a tura ta nesa ba tare da asara mai yawa ba, sa'an nan a sauke shi idan ta iso gari. A 1896 aka tura wuta mai kai-da-komo daga magangarar ruwa ta Niagara zuwa birnin Buffalo, gardama ta ƙare. Wannan ne ya sa wutar madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, take iya tafiya ɗaruruwan kilomitoci a kan layuka masu bolt 330,000 kafin a sassauko da ita zuwa 230 a ƙofar gida. Wannan ne kuma ya sa firji da fanka da dutsen guga da injin ruwa duk aka ƙera su da jin wannan harshe.

Farantin sola kuwa da ɗaya harshen yake magana. Tun 1839 Bafaranshen nan Edmond Becquerel ya lura cewa haske na iya haifar da wuta, amma sai a 1954 masu bincike a ɗakin gwaje-gwaje na Bell a Amurka suka fito da ƙwayar sola ta silikon mai amfani, wadda ke mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata zuwa lantarki. Farantan da ake sayarwa a yau suna kaiwa kashi 20 ko fiye. Kowace ƙwaya guda tana ba da rabin bolt da ɗan ɗoriya ne kawai, shi ya sa ake jera su da yawa a faranti guda. Duk wutar da suke bayarwa miƙaƙƙiya ce, haka nan ake zuba ta a batir, haka nan kuma take fitowa.

To, ga batir yana magana da harshe guda, ga firji yana jin wani harshen. Dole a sami tafinta, kuma wannan shi ne aikin inbata. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin tafinta ba ya ƙirƙirar magana, abin da aka faɗa masa shi yake juyawa. Haka inbata ba ta haifar da wuta ko ta wat ɗaya. Abin da batir ya ba ta shi take juyawa, har ma takan ɗebi ladarta a ciki.

Yadda ake juya wuta

Asalin dabarar tana da sauƙi ƙwarai. A ce ɗalibi ya ɗauki batirin tocila da ɗan ƙaramin injin motar wasan yara, ya haɗa wayoyi biyu, injin zai juya ta dama. Idan ya musanya wayoyin, sai injin ya juya ta hagu. Da zai iya musanya su da sauri ba tsayawa, to ya samar da wuta mai kai-da-komo ke nan da hannunsa. Matsalar ita ce ana bukatar wutar ta sauya fuska sau 100 a daƙiƙa guda kafin a sami zagaye 50, kuma babu hannun da zai iya haka.

Saboda haka ake amfani da makunnai huɗu da aka jera su kamar harafin H. Biyu a gefen hagu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, biyu kuma a gefen dama. Abin da ake son bai wa wuta yana kan sandar tsakiya. Idan aka kunna na sama a hagu tare da na ƙasa a dama, wuta za ta ratsa sandar daga hagu zuwa dama. Idan aka kashe waɗannan aka kunna na sama a dama tare da na ƙasa a hagu, sai ta ratsa daga dama zuwa hagu. Wanda ya taɓa ganin manomin rani a fadama yana toshe wannan hanyar ruwa yana buɗe waccan don ya juya ruwa zuwa fangalin da yake so, ya riga ya fahimci wannan tsari. Abin da ba a yarda ya faru ba shi ne makunnai biyu na gefe guda su kunnu a lokaci ɗaya, domin a nan wuta za ta sami gajeriyar hanya ta zubo gaba ɗaya, makunnan su ƙone nan take.

Waɗannan makunnai ba irin na bango ba ne da ake dannawa da yatsa. Tiransistoci ne, jikokin wadda aka ƙirƙiro a 1947 a ɗakin gwaje-gwajen nan na Bell. Ba su da wani sashe mai motsi, kuma wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce a cikin inbatar ke ba su umarnin kunnuwa da mutuwa.

Saura ɗaga ƙarfi daga bolt 12 ko 24 ko 48 na batir zuwa 230. A nan masu ƙira suka kasu biyu. Wasu sukan juya wutar tukuna, sa'an nan su shigar da ita babbar taransifoma mai ƙarfe da tagulla. Irin waɗannan inbatoci suna da nauyi, amma suna da juriya idan kaya masu inji suka fizgi wuta. Wasu kuwa sukan yi amfani da 'yar ƙaramar taransifoma da ake kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa, su ɗaga wutar zuwa kusan bolt 400, sa'an nan su juya ta. Irin waɗannan ba su da nauyi, kuma sau da yawa sun fi sauƙin kuɗi. Don haka nauyin inbata ba ado ba ne, yana gaya wa mai saye irin ƙirar da ke ciki.

Ba kowane tafinta ne ya iya harshe ba

Wutar da ke zuwa daga tasha ba ta sauya fuska da fizga. Tana tafiya ne kamar lilon yara, ta tashi a hankali, ta kai ƙololuwa, ta sauko a hankali, ta wuce ɗaya ɓangaren. Idan aka zana ta a takarda za a ga igiya mai santsi, irin wadda ɗalibai ke zanawa a darasin lissafi. Makunnai huɗun nan kuwa, idan aka bar su haka, wuta mai kusurwa za su bayar, wadda ke tsalle daga wannan iyaka zuwa waccan ba tare da ratsa tsakiya ba. Wasu masu ƙira sukan ɗan gyara ta su sa ta tsaya a tsakiya na ɗan lokaci kafin ta sauya, sai ta fito kamar matakala. Wannan ita ce inbata mai araha da ke cike da kasuwa.

Inbatar ƙwarai kuwa wata dabara take bi. Maimakon ta kunna makunni sau ɗaya a kowane rabin zagaye, sai ta riƙa kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, tana sauya tsawon kowane kunnawa. A farkon zagaye gajeru, a tsakiya dogaye, a ƙarshe kuma gajeru. Daga nan sai wutar ta bi ta wani matacin da aka haɗa da naɗin waya da kwandansa, dangin wadda mai gyaran fanka ke canzawa. A kwatanta da wanda ke zuba ruwa a randa mai ƙaramar huda, wani lokaci da yawa wani lokaci kaɗan. Duk da zubin a yanke yake, ruwan da ke fita ta hudar ba ya yankewa, sai dai ya ƙaru a hankali ya ragu a hankali. Haka igiya mai santsi ke fitowa.

Wannan bambanci yana da tasiri a aljihu. Tukunyar dafa ruwa da dutsen guga ba su damu da siffar wuta ba, tunda zafi kawai ake nema daga gare su. Amma duk abin da ke da inji a cikinsa, kamar fanka da firji da injin ruwa, idan aka ba shi wuta mai matakala sai ya riƙa gunji, ya yi zafi fiye da ƙima, kwanansa ya ragu. Wanda fankarsa ke kuka da zarar an koma kan inbata, to ya san irin tafintan da ya ɗauka. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Mutum ya rage kuɗi wajen sayen inbata, ya je ya biya ninkinsu wajen mai gyaran firji.

Lissafin da ke hana asara

Yanzu mu koma ga maƙwabcina. Abin da ya rikita shi shi ne bambanci tsakanin faɗin famfo da girman tanki. Lambar da aka rubuta a jikin inbata tana nuna yawan kayan da za ta iya ɗauka a lokaci guda ne, wato faɗin famfo. Tsawon lokacin da wuta za ta yi kuwa yana ga batir, shi ne tankin. Wanda tankinsa ke ƙarewa da wuri, sauya famfo ba zai yi masa magani ba.

Ga lissafin, kuma duk ɗalibin aji huɗu zai iya yinsa. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 200Ah yana ɗauke da 12 sau 200, wato awa-wat 2,400. Idan batirin dalma ne, irin wanda aka fi sani, ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, sai ya rage 1,200. Inbata za ta ɗebi ladarta, a ce kashi 10 cikin 100 da ke tafiya a zafi, sai ya rage 1,080. To a ce gidan na da fanka biyu masu wat 60 kowace, da talabijin mai wat 80, da ƙwayayen fitila shida masu wat 10 kowane. Jimla wat 260 ke nan. A raba 1,080 da 260, za a sami awa huɗu da 'yan mintoci. Wanda ya kunna kaya da ƙarfe bakwai da rabi na yamma, wutarsa za ta ɗauke kafin sha biyu, ko da inbatar ta kai girman akwatin lefe. Idan kuma wani ya jona dutsen guga mai wat 1,000, to awa guda ya isa ya shanye rabon daren baki ɗaya.

Me ya sa babbar inbatar ta ƙara dagula lamarin? Domin kowace inbata tana cin wuta muddin tana kunne, ko da ba a jona mata komai ba, kuma galibi babba ta fi ƙarama ci. A ce tana cin wat 20 a zaune, to a awa 24 ta sha awa-wat 480, wato kaso mai tsoka na abin da batirin nan zai iya bayarwa. Maganin maƙwabcina yana ga ƙarin batir, da farantan da za su cika shi, ko kuma rage kaya. Farantin wat 300, a ƙasarmu da ke samun kimanin awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi, a takarda zai ba da awa-wat 1,500 ko fiye. Amma an auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25, kuma yana raguwa idan ya ɗau zafi, ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe shi, ga asarar waya da ta caji. Idan aka cire rubu'i saboda waɗannan, da ƙyar zai mayar da abin da aka sha a dare guda.

Akwai wasu lambobi biyu da ya kamata a kula da su. Na farko, ana yawan rubuta girman inbata da kVA, wanda ba daidai yake da kilowat ba. A inbatoci da yawa, wadda aka rubuta wa 1kVA ba ta ɗaukar fiye da wat 800. Na biyu, firji da injin ruwa sukan fizgi wuta ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta musu a lokacin da suke tashi, kamar yadda tura amalanke daga tsaye ya fi ci gaba da tura ta wuya. Inbatar da ba ta da wannan rarar sai ta yi ƙara ta mutu duk lokacin da firji ya motsa.

Inda rai ke cikin haɗari

Mutane da yawa suna raina ɓangaren batir, suna cewa ai bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum. Gaskiya ne ba ya ja, amma yana tayar da gobara. Ƙarfin aiki, wato wat, shi ne bolt sau amfiya. Kayan wat 1,000 a ɓangaren bolt 230 amfiya 4 da 'yan kai suke ja. Amma a ɓangaren batir mai bolt 12, wannan kayan dai yana jan fiye da amfiya 83. Zafin da waya ke yi kuwa yana ƙaruwa ne da ninkin ba ninki, wato idan amfiya ta ninka biyu, zafi zai ninka huɗu. Shi ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata take da kauri kamar yatsa, shi ya sa ake son ta gajera, a ɗaure ta tamau, a kuma sa mata fiyus. Shi ya sa kuma manyan inbatoci suke amfani da bolt 24 ko 48, domin wat 1,000 ɗin nan a bolt 24 amfiya 42 ne, a bolt 48 kuwa 21. Mai haɗin da ya sa siririyar waya a wannan wuri don ya rage kuɗi, ya ajiye garwashi ne a ɗakin mutane.

Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin idan yana caji, kuma wannan iska tana kamawa da ɗan tartsatsi. Bai kamata a kulle shi a ɗakin da ba iska ba, balle ɗakin kwana. Inbatar kanta tana bukatar iska, kuma ƙura kan toshe fankar da ke sanyaya ta. Haɗari mafi muni kuwa shi ne a jona inbata da wayoyin gida ba tare da makunnin da ke raba gidan da layin waje ba. Wutar za ta iya fita ta bi layi, ta iske ma'aikacin da ya hau falwaya yana gyara da tabbacin cewa an ɗauke wuta. Inbatocin da aka ƙera don aiki tare da layin gari an tsara su ne su daina tura wuta waje da zarar layin ya mutu, saboda wannan dalili.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san akwai waɗanda za su ce wannan duk aikin masu haɗa sola ne, me ya haɗa ɗan makaranta da shi? Amsata ita ce, a cikin masu haɗin akwai ƙwararru masu amana, akwai kuma waɗanda suka koya da gani kawai, kuma mai gida ba zai iya bambance su ba sai in akwai wani a gidan da ya san tambayar da zai yi. Yaron da zai iya cewa, "Malam, awa nawa batirin nan zai ɗauki wat 260?" ya riga ya kare dukiyar ubansa.

Malamai kuma za su ce manhaja ta cika, lokaci bai isa ba, ga jarrabawar WAEC da NECO na tafe. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, kuma ban raina shi ba. Sai dai ba sabon darasi nake nema a ƙara ba. Dokar Ohm tana cikin manhaja, haka taransifoma, haka wuta mai kai-da-komo, haka tiransista. Abin da ya rage shi ne zaren da zai ɗinke su wuri guda, kuma inbata ce wannan zare. Ɗalibin da ya lissafa batirin gidansu ba zai manta da cewa wat shi ne bolt sau amfiya ba a ɗakin jarrabawa.

Wasu kuma za su ce ai daga Sin ake shigo da inbatoci da araha, ba za mu iya gasa da su ba. Mai yiwuwa haka ne a yanzu. Amma duk inbatar da aka shigo da ita wata rana za ta lalace, kuma sau da yawa abin da ya ƙone tiransista ne ko kwandansa ko fiyus, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya san aikin zai canza su, wanda bai sani ba ya jefar da akwatin duka. Kuma ba daga sifiri za mu fara ba. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tana aiki a kan hasken rana tun shekarun 1980, kuma a 2019 aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. Irin waɗannan wurare suna bukatar hannuwa, kuma a sakandare ake fara shirya su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawara ga malamai da ɗalibai

Malamin da ba shi da ɗakin gwaji ma zai iya nuna asalin inbata da kayan da ba su fi kuɗin abincin rana ba. A sami batiran tocila biyu, da ƙananan ƙwayayen LED biyu, ja da kore, da ɗan abin rage ƙarfin wuta da ake samu wajen masu gyaran rediyo, da makunnai huɗu. Ƙwan LED ba ya kamawa sai wuta ta bi shi ta fuska guda. A haɗa ƙwayayen biyu gefe da gefe, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma, a sa su a tsakiyar harafin H. Ɗalibai biyu su riƙe makunnan. Idan aka kunna biyun farko ja zai kama, idan aka kunna ɗaya biyun kore zai kama. Ajin zai ga wuta tana sauya fuska da idonsa, kuma gani ya kori ji. A nan ne kuma malam zai ja kunne cewa gwaji ya tsaya a batirin tocila, kada kowa ya buɗe inbatar gida, domin a cikinta akwai kwandansar da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe ta.

Aikin gida kuwa shi ne kowane ɗalibi ya zagaya gidansu da biro da takarda, ya karanta wat ɗin da aka rubuta a bayan kowace na'ura, ya ninka da awoyin da take aiki, ya kawo jimla. Daga nan aji ya lissafa batir nawa da faranti nawa gidan ke bukata. A cikin wannan aiki ɗalibi mai lura zai gano wani abin mamaki, cewa wayar hannu da kwamfuta da ƙwan LED duk da miƙaƙƙiyar wuta suke aiki a cikinsu, kuma cajar waya aikinta shi ne ta mayar da wuta mai kai-da-komo zuwa miƙaƙƙiya. Wato a gidan sola, wutar takan tashi daga batir, inbata ta juya ta, caja ta sake juyo da ita, kowa ya ɗebi ladarsa. Saboda haka gidan ƙauyen da bukatarsa ba ta wuce fitila da fanka da cajin waya ba, zai iya sayen fitilu da fankoki masu bolt 12 ya jona su ga batir ta na'urar daidaita caji, ya huta da sayen inbata gaba ɗaya. Inda masu magana suke jin harshen juna, ba a bukatar tafinta, kuma sanin lokacin da ba a bukatar na'ura shi ma ilimi ne.

Kammalawa

Mun ga cewa inbata tana juya wuta ne daga wani harshe zuwa wani ta hanyar makunnai huɗu da taransifoma da mataci, cewa ingancinta yana ga siffar wutar da take fitarwa, kuma tsawon daren da za a yi da haske yana ga batir da faranti da yawan kayan da aka jona. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ɗalibin sakandare. Maƙwabcin nan nawa daga baya ya zauna da ɗansa suka yi lissafin a bayan wata tsohuwar takarda, suka gane cewa kuɗin da ya tafi a babbar inbata da a batir da faranti aka sa shi, da tuni an huta. Asarar ta riga ta auku, amma yaron yanzu shi ake kira a layinmu kafin wani ya tafi kasuwa sayen kayan sola.

Ina kira ga malaman kimiyya da su ware ko da darasi biyu ne a zango don wannan na'ura, ga shugabannin makarantun da suka sa sola kuma su bar ɗalibai su ga yadda aka haɗa ta ƙarƙashin kulawar wanda ya sani, maimakon a kulle ta a ɗaki kamar kayan tsafi. Ku kuma ɗalibai, yau in kun koma gida ku duba bayan fanka da talabijin ku fara lissafi. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma tsare mu daga asarar da rashin sani ke jawowa, amin.